Yadda Kirista Zai Ambaci Bangaskiyarsa Wajen Neman Aiki

Ga mutum ya shekara da shekaru yana riƙe da kuɗin ikilisiya, ko yana koyar da yara a makarantar Lahadi. Ranar da ya zauna rubuta CV, wato takardar tarihin karatu da aikinsa, sai hannunsa ya tsaya: ya saka wannan hidimar ko ya bari? Wani na tsoron a jefar da takardarsa saboda addini, wani kuma gani yake in ya yi shiru kamar ya yi musun Ubangijinsa. Duka biyun damuwa ce ta gaskiya, kuma akwai hanyar bi.

Da farko, san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa

Karanta sanarwar aikin har ƙarshe, sannan ka leƙa shafin ma'aikatar a intanet. Idan makarantar mishan ce, ko asibitin ikilisiya, ko ƙungiya mai tushen Kiristanci irin su Tearfund da Compassion International, to maganar bangaskiya tana cikin abin da suke son ji. Wasu muƙaman ma sharaɗi ne sai Kirista, kuma dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta yarda da hakan in yanayin aikin ya bukata. A nan ɓoye-ɓoye kai zai cutar. Faɗi ikilisiyar da kake sujada da hidimar da kake yi. In sun nemi shaidar bangaskiyarka a rubuce, rubuta da bakinka, kada ka kwafo ta wani. In kuma suka miƙo maka tasu takardar koyarwa ka sa hannu, karanta ta layi-layi, ka yi tambaya kan abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba.

Banki, kamfanin sadarwa ko ma'aikatar gwamnati kuwa, lissafinsu daban ne. Sauran matakan nan nasu ne.

Sai ka mayar da hidimarka aikin da za a iya aunawa

Kada ka rubuta "Addini: Kirista" a ƙarƙashin sunanka sai in fom ɗin ya tambaya. Kada kuma ka buɗe wasiƙar neman aiki da gaisuwar da muke yi wa juna a zumunta, ko ka rufe ta da aya. Mai karantawa na iya zama Musulmi, ko wanda ba ya bin kowane addini, kuma takardu ne jibge a gabansa.

Amma hidimar da ka yi a coci aiki ce, kada ka yar da ita. Abin da ke kashe ta shi ne yadda ake rubuta ta. "Mai himma a hidimar Allah" bai gaya wa mai ɗaukar aiki komai ba. Gwada haka: "Ma'ajin ƙungiyar matasan ikilisiya, 2020 zuwa 2024. Na riƙe littafin shige da ficen kuɗi, ina gabatar wa kwamiti rahoto duk bayan wata uku." Duk wanda ya karanta ya san kai Kirista ne, ya kuma ga an ba ka amanar kuɗi ka riƙe. Haka mai shugabancin mawaƙa zai nuna ya iya haɗa kan jama'a, mai makarantar Lahadi ya nuna ya iya tsara darasi. Zaɓi wadda ta dace da aikin da kake nema, sauran ka bar su.

A wajen intabiyu, labari ya fi kirari

Kowa na cewa shi mai gaskiya ne, mai riƙon amana, don haka kalmomin sun daina nauyi a kunnen masu tambaya. Shirya labari ɗaya ko biyu na abin da ya faru da kai da gaske. In aka ce, "Ba mu labarin lokacin da aka matsa maka ka yi abin da bai dace ba," faɗi abin da ya faru, abin da ka yi, da yadda ta ƙare: an ce ka ƙara sifili a rasit, ka ƙi cikin ladabi, ka kai maganar inda ya kamata. Bayan haka in ka ƙara da cewa, "Bangaskiyata ce ta hore ni a kan haka," ya yi daidai. Jimla ɗaya ta wadatar, ɗakin intabiyu ba wurin wa'azi ba ne.

Idan aka tambaye ka addininka kai tsaye, kada ka yi ƙarya ko kwana-kwana. Amsa a taƙaice, da fara'a, ka mayar da zance kan aiki. Manzo Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa, amma da tawali'u da girmamawa. Ka kuma san haƙƙinka: dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta hana wariyar addini a ɗaukar aiki, sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addini, haka ma yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958. Doka ba ta hana wasu son zuciya a ɓoye, shi ya sa ya kamata ka rubuta tambayar da aka yi maka da ranar, ka ajiye.

Maganar Lahadi

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wani ya yi shiru har ya fara aiki, ranar da aka sa sunansa a jadawalin Lahadi sai rigima ta tashi. A ganina wannan bai yi wa kowa adalci ba. In sanarwar ta ambaci aikin ƙarshen mako, yi tambaya tun a intabiyu. In ba ta ambata ba, jira a yi maka tayin aikin, ka ɗaga maganar kafin ka sa hannu.

Kuma ka zo da mafita a hannunka. Daniyel a Babila da ya ƙi abincin sarki, bai tsaya ga ƙi ba, ya nemi a gwada shi da abokansa da wani abincin kwana goma a ga sakamako. Kai ma ka ce za ka ɗauki Asabar, ko aikin dare, ko ka yi musaya da abokin aikin da ke son wata ranar. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Gerald Groff, ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aikin Lahadi, ta ce sai ma'aikata ta nuna za ta yi asara mai yawa kafin ta ƙi irin wannan roƙo. Hukuncin Amurka ne, don haka bincika dokar ƙasarka. Ka kuma yi wa kanka gaskiya: asibiti ba ya rufewa ranar Lahadi, ma'aikaciyar jinya dole wani makon ta nemi sujadar yamma. Duk abin da kuka daidaita a kai, nemi a rubuta shi, ko da a saƙon imel ne, domin shugaban da ya yi maka alkawari da baki yana iya barin wurin.

Kafin ka tura takardar

Leƙa Facebook da LinkedIn ɗinka da idon baƙo. Ayoyi da hotunan sujada ba abin kunya ba ne, bar su. Zagin wani addini ko wata ɗarika kuwa, goge shi, kuma kada ka sake. In za ka sa fastonka cikin masu ba da shaida a kanka, haɗa shi da wani tsohon shugabanka na aiki ko malaminka. Sanar da faston tun da wuri, ka tura masa sanarwar aikin, don in an kira shi ya yi magana kan riƙon lokacinka da yadda kake aiki da mutane.