Yadda ake shigar da yara masu jinkirin fahimta cikin wasannin makaranta a Sakkwato

A makarantunmu da yawa, in aka fita filin wasa, yaron da ke da jinkirin fahimta shi ake bar wa gadin takalma da jakunkuna a gindin dogonyaro. Wannan abu yana ci mini rai, domin dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ta ba shi haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuma wasa yana cikin ilimi. Malamin wasanni zai iya gyara wannan cikin zango ɗaya.

Fara da iyaye. Ka je gida ko ka gayyato su, ka tambayi abin da yaron yake so, abin da ke firgita shi, da maganin da yake sha. Tambayoyi biyu ba a tsallake su: yana da farfaɗiya? An taɓa duba zuciyarsa? Kusan rabin jariran da ake haifa da lalurar Down, wadda ke jawo jinkirin fahimta, suna zuwa da matsalar zuciya, wasunsu kuma gaɓar wuyansu ba ta da ƙwari, don haka ba a sa su alkafura ko buga ƙwallo da ka sai likita ya yarda. Ana iya yin wannan bincike a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In farfaɗiya ta tashi a fili, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Sai lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma wasu yaran ba za su ce maka suna jin ƙishirwa ba. A yi wasa da sassafe, a riƙa tsayawa shan ruwa ko ba wanda ya nema.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin: haɗa ƙungiya. Kada ka ware su gefe guda da tasu ƙwallon. Ƙungiyar Special Olympics mai shirya wasanni ga masu jinkirin fahimta, wadda Eunice Kennedy Shriver ta kafa a Amurka a 1968, tana da tsarin da ake haɗa masu lalura da marasa lalura a ƙungiya ɗaya, kusan rabi da rabi, shekarunsu na kusa da juna. Yi haka da ƙwallon 'yan biyar-biyar a ƙaramin fili. Wajen zaɓen abokan wasa, ka bar gwanin makaranta tukuna. Shi burinsa ya ci. Nemo mai haƙuri, wanda zai miƙa ƙwallo ya jira. Ka tsaya a bakin fili da takarda, kana yin alama duk lokacin da kowane yaro ya taɓa ƙwallo. In aka tashi sunan wani ba alama ko ɗaya, to an sa shi a fili ne kawai, bai yi wasa ba, sai ka sauya 'yan ƙungiyar ko ka ƙara rage fili. Haka za a yi wa 'yan mata, da malama a kansu, a tsallen igiya ko gudun miƙa sanda.

Wajen koyarwa, umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Ka kira sunansa, ka bari ya dube ka, ka ce "Tsayar da ita," ka nuna da ƙafarka. Sai ya iya wannan kafin "Buga." Zana iyakar fili da toka mai kauri yadda zai gani. In usur yana razana shi, ɗaga tuta. Ka riƙe tsari ɗaya kowane mako, domin sanin abin da zai biyo baya yana kwantar musu da hankali. Kuma tun ranar farko ka kafa doka: duk wanda ya kira wani dolo ko gaula zai zauna a benci. In wani abu ya shige maka duhu, malaman makarantar masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji suna nan cikin gari, ka nemi shawararsu.

Ranar gasar gidajen makaranta, kada a ajiye musu tsere ɗaya a ƙarshe bayan manyan baƙi sun fara tashi. A gwada gudun kowa tun a atisaye, a haɗa masu gudu kusan ɗaya a layi ɗaya, makin da suka ci kuma ya shiga lissafin gidansu kamar na kowa. A ba su rigar gida, a kira cikakken sunansu a lasifika, sannan a aika wa iyayensu takardar gayyata tun da mako guda, a tanadar musu kujeru a gaba.