Yadda na gyara sarƙewar wasa a kwamfutata

Alhamdulillahi, an rabu da matsalar. Da na kunna wasa komai lafiya lau, amma bayan ɗan lokaci sai hoto ya fara tsinkewa, daga hotuna 60 a daƙiƙa ya faɗo ƙasa da 30. Na sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto, na rage ingancin hoto, duk a banza.

Da na buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ina cikin wasa sai na ga zafin CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya haura maki 95 a ma'aunin Celsius, gudunsa kuma yana sauka. Da kansa yake rage gudu don kada ya lalace.

Na kashe kwamfutar, na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa don ragowar wutar ta fita. Ina buɗe murfi na tarar ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya CPU gaba ɗaya. Na hure ta da abin hura iska, ina riƙe da fankar da yatsa, domin barinta tana juyawa da ƙarfin iska na iya lalata ta. Sannan na kwance ƙarfen, na sa sifirit na goge busasshen man da ke tsakaninsa da CPU, wanda ke isar da zafi zuwa ƙarfen, na ɗiga sabo girman ƙwayar wake a tsakiyar CPU. Wajen mayar da ƙarfen, kusoshinsa ana ɗaure su ne a gicciye, kaɗan-kaɗan, don man ya bazu daidai.

A BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, na saita fanka ta kai cikakken gudu daga maki 75. Yanzu zafin ba ya wuce 78, wasa kuma na tafiya sumul a kan 60. Godiya ga ƙanena da ya ara min abin hura iskar.