Idan ciwo ya kama yaro a lekol ko wajen repetisiyon, ga yadda ya kamata a yi kafin labari ya isa gida

Jama'a sallama. Wannan maganar ta malamai ce da diraktoci da masu repetisiyon, wato darasin ƙari bayan an tashi lekol, da malaman islamiyya, har da mu iyaye, musamman nan Garwa da Marwa da garuruwan kewaye. Yaranmu yanzu wuni suke yi a hannun mutane daban daban, bakwai da rabi na safe suna lekol, a tashi su ci abinci a tsaitsaye su wuce repetisiyon, bayan la'asar kuma islamiyya, wani ma sai magariba uwarsa zata sake sa shi a ido. Toh idan zazzaɓi ya fara tun ƙarfe goma na safe wa ya sani? Malamar aji ta ga ya kifa kai a tebur tace ya huta, aka tashi ya tafi, mai repetisiyon bai ji komai ba sai ya ɗauka lalaci ne, malamin islamiyya shi ma haka, kafin a ankara yaro ya wuni da zafin jiki kuma kowa ya gan shi amma babu wanda ya gaya wa wani. Labarin ne ke ɓacewa tsakanin hannu da hannu, kuma shi nake so mu toshe.

Aikin tun ranar rantire, ranar komawa makaranta, yake farawa, watan Satumba, lokacin da kowa hankalinsa na kan kuɗin APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, da littattafai. A ranar a karɓi lambar waya uku a kan kowane yaro, ta uba, ta uwa, da ta wani babba da ke zaune a unguwa wanda zai iya zuwa da ƙafa, kaka ko kawu ko gwaggo ko maƙwabciya. Lamba ɗaya bata isa ba wallahi, don uban yana iya zama direba yana hanyar Ngaundere ko Kusiri inda babu rezo, uwar kuma wayarta na wajen caji, in da hali a samu ɗaya MTN ɗaya Orange saboda ranar da layi ɗaya ya ɗauke. Kuma a gwada lambobin nan take a gaban mai su, a sake gwadawa bayan hutun Disamba don mutanenmu canza sim basa musu wuya. A tambaya kuma, yaron nan yana da sikila? yana da asma? ya taɓa jijjiga ko farfaɗiya? akwai maganin da jikinsa baya karɓa? Iyaye dan Allah mu daina ɓoyewa, na san ana jin tsoron kar a riƙa nuna yaro da baki, amma malamin da bai san ɗanka mai sikila bane zai sa shi gudu a filin wasa cikin ranar Afrilu yana ganin daidai yake yi. Su kuma malamai wannan amana ce, ba hirar ɗakin malamai bace. Takardar nan kar a kulle ta a ofishin dirakta shi kaɗai ya tafi taro da makulli, kowane malamin aji ya samu kofi nasa.

Yanzu ga yaro a aji yace kansa na ciwo, ko shi bai ce komai ba kai ka lura ya yi shiru. Abu na farko ka yarda dashi. Eh akwai masu ƙarya don gudun dikte, amma gwada zafin jiki minti biyu ne kawai. Kowace makaranta ta mallaki tamomita ko guda ɗaya, ana samunsa a famasi, taɓa goshi da bayan hannu a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu baya nuna komai. Idan ya nuna 38 ko sama zazzaɓi ne. A fitar dashi daga cikin cunkoso, aji mai yara tamanin ko ɗari ba wurin mara lafiya bane, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa inda babba ke ganinsa, a rage masa kaya, a bashi ruwa mai tsabta kaɗan kaɗan, a goga masa tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi, banda ruwan ƙanƙara. In yarinya ce da ta fara girma a bar malama mace ta zauna da ita, sau da yawa ciwon mara ne ko al'ada ta zo mata babu shiri, bazata taɓa faɗa wa namiji ba. A tambayi yaro ko ya karya da safe, da yawa masu jiri yunwa ce, ga kuma masu gwada azumi da ƙarancin shekaru. Mai haɓo, wanda yake yawa lokacin hunturu da bazara, a zaunar dashi ya sunkuyar da kai gaba ya matse hanci minti 10, a daina ce masa ya ɗaga kai sama jinin na komawa maƙogwaro.

Daga nan sai kira, kuma a kira da wuri, kar a jira a ga ko zai sauka. A nan ƙasarmu duk zazzaɓi ana ɗaukarsa palu ne, wato maleriya, har sai gwaji ya nuna ba shi bane, musamman daga Yuli zuwa Oktoba da bayan ɗaukewar ruwa, kuma gwajin nan na ɗan yatsa TDR a ranar ya kamata a yi shi a santar da sante, ƙaramin asibitin unguwa. Wani abu da iyaye ke mantawa, maganin rigakafin palu da ake bi gida gida ana rabawa da damina a Arewa da Arewa Mai Nisa na yara ne 'yan wata 3 zuwa shekara 5, allurar palu da Kamaru ta fara a Janairun 2024 ita ma ta jarirai ce, wato ɗan firamare na aji CE1 ko CM2 baya cikin ko ɗaya, gidan sauro kawai ke tsakaninsa da cutar.

Yadda ake maganar a waya shi ma abin koyo ne. Kar ka kira uwa kace "ki zo maza maza ɗanki ba lafiya" ka kashe, zata hau moto hankali a tashe ko ta faɗi a hanya. Ka yi sallama, ka faɗi ko kai waye, sannan kace misali "Maman wane, yaronki yana nan tare damu yana magana, jikinsa ya yi zafi 38 da rabi tun ƙarfe goma, ya yi amai sau ɗaya, mun bashi ruwa bamu bashi magani ba, muna so a zo a kai shi gwaji yau, waye zai zo?" Ka yi da yaren da take ji, Hausa ko Fulatanci, ka bar faransanci a aji. Idan bata ɗauka ba a kira na biyu, a kira na uku, a tura saƙon murya a WhatsApp don ba kowa ke karanta rubutu ba, in duk ya gagara a tura babba a moto har gida. Bip ba kira bane, malam in babu kiredi a wayarka wannan matsalar makaranta ce ta warware tun farko. Sannan guruf ɗin iyaye na aji ba wurin sanar da ciwon yaro bane, kar a saka sunansa balle hotonsa yana kwance.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne a ce wa yaro mai zazzaɓi "ɗauki jakarka ka tafi gida", ko a haɗa shi da abokinsa ɗan shekara tara ya raka shi. Yaron da jiri ke ɗiba zai tsallaka titi cikin motoci da tsakar rana, ya isa gida ya tarar an rufe uwar tana kasuwa, ya kwanta a zaure babu wanda ya sani, makaranta tana ganin yana gida gida yana ganin yana makaranta. Yaro mara lafiya daga hannun babba sai hannun babba, kuma wanda sunansa ke takarda ko wanda uwar ta ambata a waya da bakinta.

Akwai kuma lokacin da ba a jiran kowa. Idan yaro ya fara jijjiga, ko ya suma baya farfaɗowa, ko yana magana a ruɗe, ko numfashi na yi masa wuya, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko wuyansa ya sanƙare ga zafin jiki da ciwon kai mai tsanani, wanda a lokacin hunturu da bazara sanƙarau muke tsoro don muna cikin yankinsa, ko gudawa kamar ruwan shinkafa tana zuba babu tsayawa, duk wanda ya ga kwalarar 2010 a Arewa Mai Nisa ya san awa nawa take buƙata kafin ta yi kisa, ko mai sikila da zazzaɓi ko ciwon ƙirji, toh asibiti kai tsaye, ana tafiya ana kiran iyaye a gaya musu inda za su same ku. A moto mutum biyu manya, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da yaro. Mai jijjiga a kwantar dashi a gefensa, a janye benci da duk abin da zai buge, a duba agogo, in ta kai minti 5 bata tsaya ba abin ya zama na gaggawa sosai. Kar a cusa masa cokali a baki, kar a ɗura masa ruwa ko manja, kar a danne shi, kar a turara masa hayaƙi. Yawun mai farfaɗiya baya sa wa kowa ciwo, a daina gudu ana barin yaro shi kaɗai a ƙasa. Addu'a kuwa a yi ta, dukkanmu mun yarda da ita, amma a yi ta ana kan hanyar asibiti.

Batun magani a takaice, malami ba likita bane. Parasitamol kaɗai, shi ma da izinin iyaye kuma bayan an tambaya ko an bashi da safe, don ana lissafa shi ne da nauyin yaro, wajen miligiram 15 a kowane kilo, a bar awa 6 tsakani. Aspirin ba a ba yaro mai zazzaɓi. Maganin palu ko antibiyotik daga jakar malam ko daga mai tebur a ƙofar makaranta babu shi sam. Ruwan gishiri da sukari na SRO kuwa a ajiye, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsabta. Mai asma famfon maganin da yake shaƙa ya zauna a jakarsa ko hannun malamin ajinsa inda za a ɗauko nan take.

Duk abin da aka yi a rubuta a ƙaramar takarda ko a karne, ƙarfe nawa ya fara, nawa tamomita ya nuna, me aka bashi da ƙarfe nawa, a miƙa wa wanda ya zo ɗauka, wannan takardar ita zata hana a ƙara masa parasitamol a gida bayan awa ɗaya kuma ita nas zai fara tambaya. Makaranta ta ajiye littafin rubutu guda na wannan aikin, in kun ga yara huɗu biyar a aji ɗaya da gudawa ko ƙuraje cikin sati guda ku sanar da santar da sante da inspekta, kar ku rufe don kare sunan makaranta.

Masu repetisiyon da islamiyya, ku fa kun fi shiga haɗari, don ku kuke karɓar yaro da yamma lokacin da zazzaɓin palu ya saba tashi, sau da yawa malami ɗaya ne a zaure ko a aji na aro, babu ofis babu kowa. Duk abin da na faɗa a sama ya hau kanku, lambobi uku, tamomita, ruwan sha. Ku ƙara da kiran suna kullum, yaron da bai zo ba kuma ba a aiko ba a kira gida cikin rabin awa, musamman ranar Laraba da ake tashi lekol da wuri yara ke yawo tsakani. Ku yi yarjejeniya da wani babba a kusa, mai shago ko limamin masallaci ko matar gidan, wanda zai tsaya da sauran yara in ka fita da mara lafiya. Ku san santar da ke buɗe da yamma, wasu suna rage ma'aikata bayan azahar. Mu iyaye kuma in an kira mu daga lekol da safe mu sanar da malamin yamma cewa yau wane bazai zo ba, kuma yaron da aka dawo dashi da safe kar a tura shi islamiyya da la'asar don an ga ya ɗan warware, parasitamol ne ke aiki.

Komawa aji kuma kar a yi gaggawa saboda kompozisiyon. Mai zazzaɓi ya yi kwana ɗaya cur babu zafi ba tare da magani ya danne ba, mai amai da gudawa kwana biyu bayan sun tsaya, mai ƙyanda aƙalla kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, mai ƙarambau sai duk sun bushe. Mai shan Coartem, maganin palu, ya cika kwana ukunsa, shan shida, ko da ya miƙe a rana ta biyu.

Saura kuɗi, don na san shi ne za a ce. A taron APEE na farkon shekara a ware wani abu kaɗan a ambulan daban, na kiredi da kuɗin moto da gwajin farko, a damƙa wa mutum biyu da kullum suna makaranta, iyayen yaro su mayar daga baya ta Orange Money ko MoMo, wanda bashi da hali a yafe masa. Masu repetisiyon su ma su cire nasu daga kuɗin wata, su gaya wa iyaye tun ranar rajista cewa in abu ya yi tsanani za su kai yaro asibiti ba tare da jiran izini ba, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.