Yadda ake auna ɗan wasan besbol na sakandare a Amurka kafin a zuba masa kuɗi

Duk watan Agusta a Long Beach, a jihar Kalifoniya, akwai wani taro da ake kira Area Code Games. Yaran sakandare ne ke wasa, amma kujerun da ke bayan mai cafka, wato wanda ke tsugune yana kama ƙwallon da mai jifa ya wurgo, duk manya ne suka cika su, kowa da hular hana rana, da littafi a cinya, da agogon gudu rataye a wuya. Yaro na ɗaga ƙafa zai yi jifa sai ka ga bindigogin rada, na'urorin auna gudun ƙwallo, sun tashi sama gaba ɗaya, kamar an yi musu umarni. Ƙwallo na shiga safar mai cafka sai kawuna su sunkuya, kowa na rubutu. Waɗannan su ne mafarautan 'yan wasa na ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB, tare da masu horarwa na jami'o'i, kuma abin da suke rubutawa shi zai yanke ko yaro ɗan shekara 17 zai tashi da miliyoyin daloli a zaɓen watan Yuli mai zuwa, inda ƙungiyoyin ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, zagaye bayan zagaye, ko ya wuce jami'a ya jira.

Ga wanda bai saba da wasan ba: mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu ya wurga ƙwallo, mai bugu ya kai mata duka da sanda, in ya samu ya zagaya tashoshi huɗu da gudu ya dawo gida, wato inda ya tsaya ya yi bugun. Tsakanin tasha da tasha ƙafa 90 ne, mita 27 da ɗoriya. Daga tudun jifa zuwa gida ƙafa 60 da inci 6. Riƙe waɗannan alkaluma biyu, don kusan duk awon da ke tafe a kansu aka gina shi.

Fara da koyon mudun da ake awo da shi

Kafin ka taɓa agogo, koyi ma'aunin 20 zuwa 80, wanda ake danganta shi ga Branch Rickey, mutumin da ya ɗauki Jackie Robinson a ƙungiyar Dodgers. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan wasan MLB, 60 ya ɗara, 70 fitacce ne, 80 kuwa sai an tona. Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne ya manta da wa ake kwatanta yaron. Ba da abokan ajinsa ba ne, ba da yaran garinsu ba. Da ƙwararrun da ke cin abinci da wasan ake gwada shi. Shi ya sa gwanin da duk gari ke yi wa kirari zai iya tashi da 30 a bugu, kuma babu cin fuska a ciki.

Abubuwa biyar ake ba wa maki a ɗan wasan fili: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu, da tsaron fili. Kowanne maki biyu ne, na yau da na gobe. In ka rubuta 30/55 a ƙarfin bugu, kana cewa yanzu bai kai ba, amma in jikinsa ya cika zai ɗara matsakaici. Agogo da rada na yau kaɗai suke ba ka. Na goben kai ne za ka faɗa da bakinka, kuma a kansa ake biyanka albashi.

Gudu, wanda ya fi kowanne sauƙi

A yawancin tarukan gwaji da shi ake buɗewa: tseren yadi 60, kusan mita 55, wato tsawon tasha biyu. Daƙiƙa 6.7 zuwa 6.9 matsakaici ne. Wanda ya sauko ƙasa da 6.5 kowa zai ɗago kai ya dube shi. Sama da 7.2 kuwa, to sai dai in mai cafka ne ko mai tsaron tashar farko, waɗanda ba a nemansu da gudu.

Tambayi yadda aka ɗauki lokacin. Agogon hannu yakan ba yaro rangwame a kan na'urar lesa, don ɗan yatsa yana makara wajen farawa. Duba ƙasa kuma: ciyawar roba ta fi ciyawa mai laima sauri, iska a baya ma tana taimako. Kada ka jera 6.6 na agogon hannu da 6.8 na lesa ka ce wancan ya fi.

Ni dai ban cika yarda da yadi 60 ba. A cikin wasa da wuya mutum ya yi wannan nisa a miƙe ba kwana. Abin da ya fi faɗa maka gaskiya shi ne gudun gida zuwa tashar farko a wasa na gaske. Danna agogo lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo, ka tsayar lokacin da ƙafa ta taka tasha. Mai bugu ta dama 4.3 ne matsakaicinsa, mai bugu ta hagu 4.2, saboda ya fi kusa da tashar da taki guda. Ɗauki sau uku ko huɗu, ka watsar da wanda yaron ya sassauta don ya ga an riga an fitar da shi. Amma ka rubuta cewa ya sassauta, a wani shafin daban.

Hannu

'Yan ciki, masu tsaron kusa da tashoshi, ana tara su a wuri ɗaya su ɗebi ƙwallo su wurga tashar farko, 'yan waje, masu tsaron can nesa, su wurga tasha ta uku da gida. Rada za ta ba ka lamba, sai dai yaran sun gane wayon: mutum ya taho da gudu, ya tattara duk ƙarfinsa, ya wurga ƙwallo ta wuce kan kowa ta bugi raga, allo ya nuna mil 95 a awa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kalli tafiyar ƙwallon. Tana riƙe layinta har ƙarshe, ko tana mutuwa a hanya? Daƙiƙa nawa ya ɓata kafin ta bar hannunsa?

Mai cafka yana da nasa awon. Daga ƙarar ƙwallo a safarsa zuwa ƙararta a safar mai tsaron tasha ta biyu, nisan ƙafa 127 da 'yan inci, daƙiƙa 2.0 ne matsakaici a MLB, gwanaye irin J.T. Realmuto sukan sauko wajen 1.8. Lissafin da ke bayan wannan mai daɗi ne: mai jifa yana cin kamar 1.3 kafin ƙwallo ta isa gida, mai cafka ya ƙara 2.0, jimla 3.3, kuma kusan abin da ɓarawon tasha mai sauri, wato wanda ke ruga wa tasha ta gaba lokacin da ake jifa, ke buƙata ke nan. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa shi ke raba kamu da tsira. A wurin gwaji za ka ga yara suna yin 1.85, don babu mai bugu a gabansu kuma sun riga sun miƙe rabi kafin ƙwallo ta iso. Sai ka ga na cikin wasa sannan ka rubuta da biro.

Bugu: inda lamba ke ruɗin mutane

Na'urori irin TrackMan da Rapsodo suna ba ka gudun ƙwallo bayan ta bar sanda da kusurwar da ta tashi. A MLB, tun da aka kawo tsarin Statcast a 2015, bugun da ya kai mil 95 a awa, kilomita 153, shi ake kira mai ƙarfi. Yaron sakandare da ke taɓa mil 100 da sandar katako yana da ƙarfin da ba a koyarwa.

Ka lura na ce katako. A wasannin makaranta sandar ƙarfe ake amfani da ita, kuma ko da dokar BBCOR da ta rage mata tsalle a sakandare daga 2012, tana yafe kuskure: ƙwallo ta bugi kusa da mariƙi amma ta tsallake 'yan ciki. Katako ba ya yafiya, karyewa yake yi. Wannan ne ya sa mafarauta ke tururuwa zuwa gasar Perfect Game da ake yi a Jupiter ta jihar Fulorida kowane Oktoba, inda da katako ake bugu kuma masu jifan zaɓaɓɓu ne.

Kada ka tsaya a lamba mafi girma da yaro ya taɓa yi sau ɗaya a kan ƙwallon da aka ɗora masa a kan turke. Nemi matsakaicinsa a wasa. Sannan ka ajiye na'ura ka zuba ido, don iya bugu shi ne mafi tsada cikin biyar ɗin kuma shi ne mafi wuyar aunawa. Yana gane ƙwallo mai lanƙwasa tun daga hannun mai jifa, ko sai ta faɗo yake kai mata duka a iska? In ya ci kuskure biyu, saura ɗaya a fitar da shi, yana gajarta dukansa? In aka zo masa da mil 92 ta jikinsa, hannunsa na isa? Ƙirga sau nawa ya kai duka ga ƙwallon da ta shiga da'irar bugu, wato ta bi ta inda ya kamata ya buga, ya kuskure. Wannan ƙirgar ta fi gudun ƙwallo faɗin abin da zai faru gaba.

Billy Beane misali ne da kowa a harkar ya sani. A 1980 ƙungiyar Mets ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓe daga wata sakandare a San Diego, ga tsawo, ga gudu, ga hannu, ga ƙarfi. Bugu ne bai zo ba, ya ƙare a matsayin ɗan benci kafin ya koma ofis. Mookie Betts kuma, ɗan ƙaramin jiki daga Nashville wanda daga baya ya zama tauraro, sai a zagaye na biyar Red Sox suka ɗauke shi a 2011, na 172 a jeri. Ido da hannunsa suna tafiya tare fiye da na kowa, kuma tsiyar ita ce ma'aunin tsawo ba ya nuna wannan.

Mai jifa

Zauna bayan gida ka ɗauki gudun kowace ƙwallo, ka rubuta biyu: inda yake zaune, da ƙololuwar da ya taɓa. Wanda ke zaune 90 zuwa 92 har zagaye na shida na wasa ya fi wanda ya taɓa 95 a zagayen farko ya sauko 87 a na uku. Matsakaicin miƙaƙƙiyar ƙwallo a MLB yanzu ya kai wajen mil 94, don haka 90 da a da ke tayar da hankali ta zama kuɗin shiga kawai. Na'ura za ta ƙara maka juyin ƙwallo a minti, inda 2,200 zuwa 2,300 yake matsakaici, da nisan da yake miƙa hannu gaba kafin ya saki. Mai dogon taki da ke saki kusa da gida, ƙwallonsa takan iso wa mai bugu da wuri fiye da abin da rada ta faɗa.

Bayan zagaye biyu tashi ka koma gefe, ɓangaren da hannunsa yake. Daga nan kake ganin ko jiki da hannu suna tafiya tare, ko kansa na fizgewa, ko yana sauka wuri ɗaya kowane jifa. Sannan ka binciki yawan aikin da ya sha. Ƙa'idar Pitch Smart da MLB da hukumar USA Baseball suka fitar a 2014 ta tsayar da jifa 105 a rana ga 'yan shekara 17 da 18, da ranakun hutu bayansa, amma yaron da ke yi wa makaranta wasa, ya yi wa ƙungiyar bazara, ya zagaya wuraren gwaji har hunturu, babu mai riƙe masa lissafi ɗaya.

A nan ƙungiyoyi suka fi ƙonewa. Sau uku kacal aka taɓa ɗaukar mai jifa na sakandare a lamba ta ɗaya a zaɓe: David Clyde a 1973, Brien Taylor a 1991, Brady Aiken a 2014. Clyde ya ƙare da wuri, sauran biyun ba su taka MLB ba. Aiken ma Astros ba su sa hannu da shi ba bayan likitoci sun duba gwiwar hannunsa, kuma shekara na zagayowa aka yi masa tiyatar jijiya, wadda ake kira da sunan Tommy John. Hunter Greene, wanda ya taɓa mil 102 yana sakandare, Reds suka ɗauke shi na biyu a 2017, shi ma ya sha wuƙar a 2019, sai dai shi ya dawo ya kai MLB. Saboda haka hoton likita yana cikin awo. Taron gwaji na MLB da aka fara a 2021, wanda yanzu ake yi a filin Chase da ke Finiks, rabin amfaninsa duba lafiya ne.

Karanta lambobin da shekaru da yanayi

Rubuta ranar haihuwa kafin komai. Ɗan shekara 19 da ke lallasa 'yan 17 ba abin mamaki ya yi ba. Rany Jazayerli ya yi bincike a 2011 ya nuna cewa masu bugu na sakandare da aka ɗauka suna ƙanana a ajinsu sun fi manyan amfani nesa ba kusa ba. Dubi faɗin kafaɗa, da tsawon gaɓoɓi, da girman iyaye in sun zo kallo, don ka san ko akwai sauran wurin da tsoka za ta zauna.

Dubi garinsu ma. Yaran Fulorida da Teksas da Kalifoniya suna wasa shekara zagaye. Na arewa maso gabas sanyi da ruwa ke cinye musu rabin kakar wasa, abokan karawarsu ma ba su kai ba. Mike Trout, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen MLB, ɗan Millville ne a jihar New Jersey, yana da shekara 17 lokacin zaɓen 2009, kuma 'yan wasa 24 aka ɗauka kafin Angels su kira sunansa.

Rubuta rahoto, ka sa farashi

Yi magana da kocinsa da malamansa, ka zo da wuri ka ga yadda yake ɗumama jiki in yana zaton ba mai kallo, ka ga fuskarsa bayan ya yi kuskure. Ziyarci gidansu ka ji abin da suke so, domin yawancin waɗannan yara sun riga sun yi wa wata jami'a alkawari, kuma wanda ya shiga jami'ar shekara huɗu ba za a sake samunsa ba sai ya gama shekara ta uku ko ya cika 21. Zaɓen zagaye 20 ne tun 2021, kuma kowace ƙungiya tana da iyakar kuɗin da za ta kashe, don haka kiran sunan wanda ba zai sa hannu ba asara ce.

Daga nan ka haɗa makin ka fitar da jimla ɗaya, ka faɗi matsayin da kake ganin zai riƙe, da zagayen da ya dace, da dalar da za ka iya bayarwa. Rahoton zai hau wurin mai bin diddigi, wanda ya ga yaran wasu yankuna zai kuma gwada naka da su, sannan ya isa teburin darakta. Ka shirya a ƙi jin maganarka. A 1992 Hal Newhouser, tsohon gwanin jifa da ke yi wa Astros farauta a Mishigan, ya dage a ɗauki wani siririn yaro daga Kalamazoo da lamba ta ɗaya. Ƙungiyar ta ɗauki Phil Nevin daga jami'a, Newhouser ya ajiye aikin, Yankees kuma suka ɗauki yaron, Derek Jeter, wanda ya zama babban tauraronsu, a lamba ta shida.