Darasi na Bakwai: Hutar da Filin Kiwo

A arewacin ƙasar Sin akwai wani yanki da ake kira Mongoliya ta Gida. Yawancinsa shimfiɗaɗɗen fili ne na ciyawa, itatuwa sai jefi-jefi, ruwan sama kuma kaɗan ne. Mutanen wurin suna kiwon tumaki da awaki da shanu da dawakai. Da dabbobi suka yi wa filin yawa, sai ƙasa ta zama tsirara, iska ta riƙa kwasarta, har ƙurar tana kaiwa birnin Beijin. A shekarar 2003 gwamnati ta fara wani babban shiri na kafa shingen waya a kewaye filayen da suka gaji, ta hana kiwo a ciki. Kafin wannan, tun 1979 masana suka killace wani fili a Shilingol, wani sashe na wannan yankin, don su ga abin da zai faru.

A shekarun farko hutu magani ne. Ciyawa takan yi tsawo ta zubar da iri, saiwa ta kama ƙasa, ruwan sama ya daina gudu a kanta.

Amma idan rufewar ta daɗe, sai wata cuta ta ɓullo. Ba bakin da zai ci ciyawar, ba kofaton da zai tattake ta. Busasshiyar bana takan kwanta a kan ta bara, har ta yi kauri kamar tabarma. Ɗaga ta da hannu, za ka tarar da tsiro fari fat, siriri, don bai ga rana ba. Dogayen ciyayi kaɗan sukan mamaye wurin, ƙananan su ɓace. Takin dabbobi ya yanke. Wuta kuwa idan ta tashi, ta sami abin ci. Abin da ya fi damuna shi ne bayan waya: dabbobin da aka kora sukan taru a sauran filin, su cinye shi ƙarƙaf.

Saboda haka idan garinku zai hutar da hurumi, a fara da wurin da ya fi lalacewa, a kuma yanke lokacin buɗewa tun ranar rufewa. A bar ciyawa ta zubar da iri tukuna, sannan a shigar da dabbobi kaɗan-kaɗan. A zauna da masu kiwo kafin a kafa ko da turke ɗaya.

Aiki: Ku je wani kangon fili da ya daɗe a killace, ku ƙirga ire-iren ciyawar da ke cikin taku goma. Ku yi haka a inda ake kiwo daidai wa daida. Ku rubuta sunayensu, ku kawo aji.