Yadda Ake Fara Koyon Harshen Latin

A harshen Latin, ƙarshen kalma ne ke nuna aikinta a cikin jimla, ba wurin da ta zauna ba. "Puella rosam amat" na nufin yarinya tana son furen wardi, kuma ko an juya jimlar ta koma "rosam puella amat" ma'anar ba ta sauyawa, domin harafin m na ƙarshen rosam shi ne ya nuna abin da ake so.

Saboda haka kada ka haddace suna shi kaɗai, sai tare da siffarsa ta mallaka da jinsinsa, kamar rex, regis, wato sarki, namiji. Daga is na ƙarshen regis za ka gane yana cikin rukuni na 3 daga rukunan sunaye 5, waɗanda kowannensu ke da nasa salon sauya ƙarshen kalma. A ganina wannan rukunin ya fi wahala, gara ka jinkirta shi har ka ƙware a na 1 da na 2.

Aikatau yana da lokuta 6, amma ka fara da lokaci mai ci: amo, amas, amat, amamus, amatis, amant, wato ina so, kana so, yana so, muna so, kuna so, suna so. Ka riƙa furta su a bayyane kullum har su zauna a bakinka, sannan ka shiga amabam da amavi na lokacin da ya shuɗe.