Yadda ake wankin ƙuna da man Flammazine

Da hunturu ya shigo Maradi, yara suka fara zagaye murhu da asuba, mu masu wankin ciwo mun san aiki ya ƙaru. Yau kunu, gobe ruwan shayi, jibi man tuyar ƙosai. Wahalata takan fara daga abin da aka shafa kafin a kawo yaron: man goge baki, ɗanyen ƙwai, toka, har bula. Dole in wanke su tas, yaro na tsala ihu, uwa na harara ta.

To ƴar'uwa, da wuta ta taɓa shi, tara wurin a ruwan famfo ko na randa minti 20. Ban da ƙanƙara. Sauran jikinsa ki lulluɓe, sanyi na saurin kama ƙaramin yaro. In fata ta yi bororo, ki ƙyale, kar ki fasa.

Ƙunar da ta fi tafin hannunsa faɗi, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wadda ta yi fari fat ba ya ma jin zafinta, wannan ta asibiti ce nan take. Ki tuna musu allurar tetanos.

Ƙarama kuwa, in an rubuta miki Flammazine, ga yadda nake yi. Farin mai ne mai sinadarin azurfa da salfa, kashi 1 cikin 100, yana kashe ƙwayoyin cuta a kan ciwon. Wanke hannu da sabulu. Ki wanke tsohon man da tafasasshen ruwan da ya huce, don sabo a kan tsoho aikin banza ne. Sannan ki shimfiɗa sabo da kauri, milimita 2 zuwa 3, har jan naman ya ɓace. Nan mata ke yin tsimi, su shafa kamar man kitso. Ban yarda ba. Ki rufe da bandeji mai tsabta ba ɗauri tamau, saboda ƙura da ƙuda. Kullum a canza. In ya manne, jiƙa shi, kar ki fizge.

Man nan, ba a sa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, ko mai tsohon ciki, ko wanda maganin salfa, irin su Bactrim, ke sa wa ƙuraje.

Duk wanki ki duba, ki kuma shinshina. Wari, mugunya, bandeji ya yi kore, ja na bazuwa gefe, ko zazzaɓi: goya shi ki taho asibiti ranar, ko da dare ne.